Gwaggo Mai Ɗinki da Filin Makaranta

Duk wanda ya yi firamare a makarantar da ke kallon dogon benen nan mai hawa uku, to ya taɓa tsayawa a gaban Gwaggo Mai Ɗinki ya ware hannuwa, ita kuwa ta zagaya masa tef ɗin awo a ƙugu tana faɗin lambar da ƙarfi don kada ta manta kafin ta rubuta. Shagonta a ƙarƙashin matattakalar benen yake, ɗan tsukut, in mutum uku sun shiga sai na huɗu ya jira a waje. Akwai keken ɗinki na ƙafa da na lantarki, da teburin yanka, da dutsen guga, da wata ƙatuwar kwalbar alewa da ake ba duk yaron da ya tsaya aka auna shi bai yi mutsu-mutsu ba. Shekara talatin da biyu ta yi tana ɗinka kayan makaranta a wurin. Wata yarinya ce ta fara kiran ta Gwaggo tun tana sabuwar zuwa layin, sunan ya bi ta, har ɗan cikinta da jikarta da shi suke kiran ta.

Mahaifinta ma'aikacin gidan waya ne, mai raba wasiƙu a kan keke. Su takwas ya haifa, ita ce ta biyar, kuma ba wanda aka taɓa goyawa a keken nan zuwa makaranta. Da ƙafa suke zuwa, da ƙafa suke dawowa, tafiyar kusan awa guda. In sun dawo ga aike, ga ɗiban ruwa a famfon bakin titi, ga wasa a fili har sai an leƙo an kora su gida. Ita dai a lokacin wahala kawai ta ɗauki abin, ta kuma yi wa kanta alkawari cewa nata zuriyar ba za su sha irinta ba. Ta koyi ɗinki a wurin wata maƙwabciya, ta auri wani mai gyaran rediyo, mutum mai sanyin hali, shi ya saya mata keken ƙafar. Ɗa guda Allah ya ba su. Yaron yana aji biyu a sakandare uban ya yi jinyar kwana tara ya rasu. Da keken nan ta riƙe gida har yaron ya zama mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, wanda kowa ke kira Injiniya. Da ya yi aure ya kama gida a hawa na uku, saman shagon, ya ce ba inda za ta zauna sai tare da su.

'Yarsu guda ce, ana ce mata Shalele, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Uwarta tana aiki a kantin magani daga safe zuwa yamma, uban yana yawon gyara, don haka a hannun Gwaggo ta tashi. Yarinya ce mai kai, mai son karatu, ga bakin magana. In ta taso makaranta sai ta tsallako titi ta shigo shago, ta tarar an ajiye mata lemon kwalba mai sanyi da biskit, ta sha ta ci, ta hau sama ta kunna talabijin. Gwaggo takan bi ta da kallo, ta ga kumatu sun cika, damtse ya yi ɓul-ɓul, ranta ya yi fari. A ganinta ga jikar mai raba wasiƙu nan ta samu hutun da kakarta ba ta samu ba.

Akwai wani abu da Gwaggo ta sani wanda ko malaman makarantar ba su lura da shi ba. Tana da kwalayen da take ɗorawa a kan yadi ta zana da alli kafin ta yanka, kowane aji da nasa, a rataye a ƙusa. Kwalin 'yan aji biyar, masu shekara goma zuwa sha ɗaya, sau biyu tana sake shi. Na farko ya yi mata shekara goma sha biyar, sannan ya fara matse yara. Na biyu bai kai shekara takwas ba. Tsawo bai ƙaru wani abin kirki ba, ƙugu ne da ciki suke ta buɗewa. Ba ta yar da tsofaffin ba, don ita ba ta yar da komai. In iyaye suka yi ƙorafin yadi ya ƙaru, sai ta ce, "Ku gode wa Allah, 'ya'yanku suna ƙoshi."

Shekarar da Shalele ta cika sha ɗaya, ana saura mako guda a koma makaranta, Gwaggo ta kira ta.

"Zo in gama da ke kafin 'yan waje su cika min shago."

"Ki yi min da awon bara, Gwaggo."

"Awon bara ai ya tafi da bara. Ɗaga hannu."

Yarinyar ta ɗaga, tana kallon bango. Gwaggo ta zagaya tef, ta faɗi lambar da ƙarfi kamar yadda ta saba, sannan ta yi dariya ta ce, "Tubarkalla. Saura kaɗan ki kamo ni, mu riƙa aron kaya."

Shalele ta zame tef ɗin daga jikinta ta ajiye a tebur, ta fita. Da yake shagon a ƙarƙashin matattakala yake, Gwaggo tana jin takun duk mai hawa. Ta ji jikarta ta kai hawa na farko ta tsaya. Ta ji haki, ta kuma ji kuka a cikin hakin.

Sai da yamma uwar ta gaya mata abin da ba ta sani ba. Ashe kafin hutu Shalele ta sunkuya ɗaukar biro a aji, rigarta ta ɓarke ta baya. Tun ranar wasu yara suka laƙaba mata suna Katifa. Ta ɓoye rigar a ƙasan jaka, ta roƙi uwarta kada a faɗa wa kowa. Gwaggo ce ta ɗinka rigar, ita kuma ta zo ta ƙara da nata wasan.

Washegari ta lallashe ta, ta ja labulen shago, ta auna ta shiru ba ta faɗi lamba ba. Da ta zo awon wuya sai ta ga wani baƙi-baƙi a ƙeyar yarinyar, a cikin ninkin fata, kamar dauɗar da ta kwana biyu. Ta yi mata faɗan wanka, ta sa soso da sabulu ta dirje da kanta. Kwana uku tana dirza, fatar ta yi ja, baƙin yana nan. A rana ta huɗu wata nas da ke kawo mata gyaran fararen kayanta ta shigo, ta tarar da su a kai. Ta duba ƙeyar, ta shafa da yatsa.

"Gwaggo, ki bar dirzar nan haka, ba dauɗa ba ce. Ku kai ta asibiti a duba jininta."

"Jini kuma? Yarinyar da ko zazzaɓi ba ta cika yi ba?"

"Ba na ce wani abu ne ba. Amma irin wannan yakan fito in jiki ya fara wahala da suga. A duba dai, hankali ya kwanta."

Su uku suka je, da Gwaggo da uwar da Shalele. Likitar matashiya ce, ba ta da gaggawa. Ta sa aka gwada nauyi da tsawo da ƙugu, aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ba ta fara da manya ba, yarinyar ta fuskanta.

"Ba ni labarin ranarki. Da me kike zuwa makaranta?"

"Titi kawai nake tsallakawa."

"Lokacin tara fa, me kike yi?"

"Ina zama a baranda da ƙawata."

"Darasin wasanni?"

"An mayar mana da shi na lissafi, saboda jarrabawa."

"In kin dawo gida?"

"Aikin gida, sai kallo."

"Yaushe rabonki da ki yi gudu har ki yi gumi?"

Shalele ta yi tunani, ta yi tunani, sannan ta ce ba ta tuna ba. Gwaggo ita ma ta lalubi ranar a zuciyarta ba ta samu ba. Filin da ke bayan benen, inda Injiniya ya yi ƙuruciyarsa yana buga ƙwallo, an daɗe da mayar da shi wurin wankin mota. Layin kuwa babura ba sa barin yaro ya taka.

Likitar ta ce ba ciwon suga ba ne, amma jikin ya kama hanya. Ta ce yaro in ya doshi balaga dama jikinsa yakan tara ɗan kitse, musamman 'ya mace, wannan ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne wanda ke taruwa a ciki alhali jiki ba ya motsi. "Kada ku hana ta abinci, girma take yi. Ku rage lemon kwalba da kayan zaƙi, kuma gidan gaba ɗaya, ba ita kaɗai ba. Ta riƙa samun kamar awa guda kullum tana wasan da zai sa ta haki. Wasa na ce, ba horo ba." Da suka miƙe za su fita, Gwaggo ta dafa tebur ta tashi da ƙyar, likitar ta ce, "Mama, ke ma na ga yadda gwiwar nan take yi miki. Zaman keke ya isa haka, a riƙa ɗan takawa."

Injiniya da ya ji bayani sai hankalinsa ya tashi, kuma shi in hankalinsa ya tashi gyara yake so ya yi nan take. Ya kafa doka: kullum da safe Shalele za ta sauka benen ta hau sau goma, yana tsaye yana ƙirgawa. Ranar farko ta yi huɗu ta zauna. Rana ta biyu maƙwabta suka fara buɗe ƙofa suna leƙe, wani yaro a hawa na biyu yana taya ƙirga. Rana ta uku ta shige banɗaki ta kulle, ta ce ko makarantar ma ba za ta je ba. Uwar kuma, wadda ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba, ta ce cikin ladabi, tana kallon ƙasa, "Gwaggo, ni dai da za a ɗauke kwalbar nan ta shago." Maganar ta yi wa Gwaggo zafi, don gaskiya ce. Ta sauka ta juye alewar a leda, ta wanke kwalbar ta zuba maɓallai a ciki. Sannan ta hau ta sami ɗanta.

"Yarinyar nan ba firiji ba ce da za ka kwance ka ɗaura. Ka bar min ita wata guda."

"Gwaggo, ke ce fa kika..."

"Na sani. Shi ya sa na ce ka bar min."

Ba ta yi wa Shalele dabara ba. Ta zaunar da ita ta ce, "Likita ta kama mu mu biyu. Ni ina jin kunyar fita ni kaɗai ina ɗingishi a titi. In kin raka ni, na raka ki." Akwai shagon da take sayen zare da zik a ƙarshen babban titi, wanda shekara da shekaru sai dai ta aika a sayo mata. Suka sa shi a gaba. Ranar farko sau uku suna hutawa kafin su kai, sau ɗaya a bencin mai gyaran takalmi, wanda ya tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau," in ji Gwaggo tana haki. "Gasa muke yi, wa zai riga faɗuwa."

"Ke ce," in ji Shalele. Rabonta da dariya an kwana biyu.

Suka yi mako uku a haka. Hutawa ta koma sau ɗaya, daga baya suka daina. A hanya yarinyar take ba ta labarin aji, da wanda ya fara kiran ta Katifa, da yadda take ƙin shan ruwa a makaranta don kada ta tashi ta ratsa ta gaban yara. Amma Gwaggo ta lura tafiyar tsohuwa ba ta sa yarinya gumi. Wata rana tana share ƙyallayen da suka zube a ƙarƙashin tebur, sai ta tsince su ta yayyanka dogaye, ta tufka igiya, ta naɗe bakin biyu da zare. Ta ɗaura gefe guda a ƙarfen matattakala, ta riƙe ɗayan tana kaɗawa. Shalele ta yi tsalle uku igiya ta harɗe ta. Ta sake, ta yi biyar. Kafin mako ya ƙare ƙawarta ta baranda ta shigo ciki, sai 'yan hawa na biyu, har da yaron nan mai taya ƙirga. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, masu hawa bene suna ta tsallake yara, mai gidan ya aiko a daina.

Daga bakin shagonta Gwaggo tana hango filin makarantar ta cikin ƙarafan ƙofa. Fili ne babba, da bishiyoyi biyu a gefe, kuma daga ƙarfe biyu na rana ake garƙame shi, ba kowa sai mai gadi da rediyonsa. Shekara talatin tana kallon sa, ba ta taɓa ganin sa da wannan idon ba.

Ta yi shiri ta tafi wurin hedimasta. Mutum ne mai kirki amma mai tsoron abin da zai je ya dawo. Ya saurare ta, ya ce ya fahimta, sai dai in yaro ya ji ciwo bayan an tashi wa za a kama? Ya ce kuma a ganinsa yaran lafiyarsu ƙalau. Gwaggo ta yi godiya ta fita. Washegari ta dawo da leda a hannu. Ta ture takardun teburinsa gefe, ta shimfiɗa kwali uku, ɗaya a kan ɗaya, ƙarami a sama.

"Ranka ya daɗe, wannan na 'yan aji biyar ne lokacin da na fara. Wannan na tsakiya. Wannan na ƙasa shi nake yanka da shi yau. Dubi tsawon, kusan ɗaya ne. Yanzu dubi nan."

Ta sa yatsa a ƙugu, inda kwalin ƙasa ya leƙo ta kowane gefe da faɗin yatsu uku. Hedimasta ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ɗaga ƙaramin kwalin ya juya shi.

"Wannan ai kamar na 'yan aji uku."

"Na 'yan aji biyar ne. Wasu daga cikin malamanka da shi na yanka musu."

Hedimasta ya ajiye kwalin. Can ya ce zai ba da awa ɗaya da rabi, daga ƙarfe huɗu, na gwaji zuwa ƙarshen zango, bisa sharaɗin babba yana wurin kullum, kuma kowane yaro ya kawo takardar yardar iyayensa. Gwaggo ta ce babban ita ce.

Haka ta fara rufe shago ƙarfe huɗu, lokacin da masu kawo ɗinki suka fi zuwa. Wasu suka yi fushi suka kai wani wuri, wasu suka koyi zuwa da safe. Ta tufka igiyoyi goma sha biyu. Mai gadi ya zaƙulo wata tsohuwar ƙwallo a sito, Injiniya ya yi mata faci ya hura. Yara tara ne ranar farko. Bayan wata guda sun haura arba'in. Gwaggo ba ta iya koyar da komai ba, kujera take kafawa a gindin bishiya ta raba faɗa, in gwiwa ta yarda ta zagaya filin sau biyu. Doka ɗaya ta kafa: duk wanda ya kira wani da sunan da ba ya so, zai zauna kusa da ita ranar, yana kallo ana wasa. Wanda ya fara kiran Shalele Katifa sau biyu yana zama, bai ƙara ba.

Sai ta lura da wani abu. Maza suna ƙaruwa, amma 'yan mata masu sha ɗaya da sha biyu suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ta tare wata uwa da ta zo karɓar ɗinki ta tambaye ta.

"Gwaggo, yarinya ta fara girma. Babanta ya ce ba ya son tana tsalle riga na ɗagawa."

"Tsallen ne ba ya so, ko ɗagawar rigar?"

Matar ta yi dariya ta ce ita dai haka aka ce mata.

Gwaggo ta kwana biyu tana zane a takarda. Ta fito da wando mai faɗi, mai roba a idon sawu, da riga mai tsawo har gwiwa, an tsaga ta kaɗan a gefe, an ba ta sarari a ƙirji da hammata, yadda yarinya za ta yi gudu ta ɗaga hannu ba abin da zai matse ta ko ya bayyana. Shalele ta fara sawa. Ta yi tsalle a gaban madubin shago, ta juya, ta sunkuya har ƙasa da gangan, ta jira ta ji ɓarkewa, ba ta ji ba. Uwar nan ta kai wa mijinta ya gani, ya juya shi ya ce to, wannan kam ba laifi. Ba duka suka dawo ba, amma mafi yawa sun dawo.

Ana cikin haka, a wata na uku, wata yarinya ta yi karo da wata a wajen ƙwallo ta faɗi a kan hannunta, wuyan hannun ya tsage. Gwaggo da kanta ta kai ta asibiti, ta zauna har aka sa mata filasta. Uban yarinyar ya zo makaranta ransa a ɓace, ya ce tsohuwa guda ba za ta iya da yara hamsin ba. Hedimasta ya sa aka rufe filin. Gwaggo ba ta yi musu ba, don ta san mutumin bai yi ƙarya ba. Ta koma shago, ƙarfe huɗu ta yi ta ga yara sun zo sun riƙe ƙarafan ƙofa suna leƙe, mai gadi yana ba su haƙuri. Abin ya tsaya mata a rai har abinci ya daina yi mata daɗi.

Surukarta ce ta fitar da su. Ita ce ta fi kowa ganin canjin, don ita ke jin 'yarta ta hau bene tana waƙa, ta kwanta barci da wuri, ta tashi ba a yi dambe ba. A kantin magani ta san iyayen rabin yaran layin. Duk wanda ya shigo sayen magani sai ta yi masa maganar. Cikin mako biyu ta haɗa mutum goma sha ɗaya, mata da maza, kowa ya ɗauki ranar da zai zo, mutum uku kullum. Nas ɗin nan ta ce za ta koya musu abin da ake yi in yaro ya faɗi, ta kuma haɗa musu akwatin bandeji. Suka ɗunguma wurin hedimasta. Abin da ya ba kowa mamaki, uban yarinyar mai hannu yana cikinsu. Ya ce 'yarsa ta hana shi sakat, kullum sai ta tambaya yaushe za a buɗe, ga hannu a rataye. Ya ɗauki Laraba.

Ranar da aka sake buɗewa Asabar ce. Uwar Shalele ta zo da kayan aikinta a jiki, yara suka matsa mata sai ta shiga igiya. Ta ce ita rabonta da wannan tun tana aji huɗu. Ta shiga ta yi goma sha bakwai, ta fito tana dafe ƙirji, ta zube a ƙasa kusa da kujerar Gwaggo.

"Ashe kin iya," in ji Gwaggo.

"Ni ma na manta na iya." Ta numfasa. "Gwaggo, maganar kwalbar nan, ki yafe min in ta yi zafi."

"Ta yi zafi. Da ba ta yi ba da ban ɗauke ba. Sha ruwa."

Bayan shekara guda suka koma wurin likita. Shalele ba ta zama siririya ba, kuma ba wanda ya ce sai ta zama. Ta ƙara tsawo sosai, nauyinta ya ɗan ƙaru kaɗan, ƙugun ya ragu, jinin ya koma daidai, baƙin ƙeya ya dushe har sai an duba da kyau. Likitar ta tambaye ta me ta fi so a filin. Ta ce tsaron gida a ƙwallo, don ba ta tsoron a bugo ta, kuma duk ajin ba wanda ya kai ta ƙarfin jifa. Gwaggo kuwa gwiwa ba ta warke ba, amma ta daina dafa tebur.

Hedimasta ya mayar da darasin wasanni a jadawali, sau biyu a mako, bayan malamai sun ce 'yan filin sun fi zama lafiya a aji. Ba komai ne ya gyaru ba. Har yanzu akwai yaran da ake ɗaukewa a mota daga bakin aji zuwa wani darasin, ba su taɓa taka filin ba. Har yanzu mai kantin kusa da makaranta yana cika firijinsa da lemo, kuma yana ƙarewa. Gwaggo ba ta faɗa da shi, suna gaisawa, ta dai sa ya fara ajiye ruwa mai sanyi a sahun gaba.

Yanzu shekarunta sittin da shida. Idonta ya fara gajiya da zura zare, ta rage karɓar ɗinki. Shalele tana sakandare a wata unguwa, da ƙafa take zuwa ita da ƙawayenta uku, ko da uban ya ce zai sauke ta. Filin kuma ya yi wa yara kaɗan, don 'yan wasu makarantu sun ji labari suna zuwa, mai gadi yana mayar da su saboda sharaɗin hedimasta.

Kwanan baya wata mata mai sayar da kayan miya ta zo shagon daga can bayan kasuwa. Ta ce su ma suna da yara, ba su da makaranta mai fili, amma akwai wani kango da aka kewaye aka bari ciyawa ta cinye shi. Ta ce an ce mata Gwaggo ta san yadda ake yi.

"Ban san komai ba," in ji Gwaggo. "Na wane ne kangon?"

"Wani tsohon ɗan kasuwa ne. An ce yana da wuyar sha'ani."

"Yana da jikoki?"

"Da yawa."

"To, ki samo mutum biyar da za su yarda su riƙa tsayawa, kada ki je masa ke kaɗai. In kin samu ki zo ki faɗa min, mu je tare."

Matar ta dawo ranar Litinin da sunayen mutum bakwai a bayan takardar sabulu. Gwaggo ta karanta, ta ninke ta sa a jaka, ta tambayi nisan gidan mutumin. Aka ce mata da ɗan tafiya, gara a tari abin hawa. Ta ce a'a, su dai fita da wuri kafin rana ta yi zafi. Ta kashe dutsen guga, ta jawo ƙofar shago, suka kama hanya.